Darasi: Tamowa a Tsakanin Ƙananan Yaran Birni da Ƙauye

Duk wanda ya shiga kasuwar Dawanau ta Kano da kaka, ya ga yadda ake loda wa tireloli gero da dawa da wake da waken suya za su Kudu da ƙasashen maƙwabta, da wuya ya yarda cewa yankin da ya noma wannan abinci shi ya fi ko'ina a Nijeriya yawan yaran da abinci bai gina ba. To, amma haka ƙidaya ta nuna. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya gano cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai wanda ya dace da shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma abin ya kai kashi 57. Jihar Kebbi tana da kashi 66, Jigawa 64, Katsina 61, alhali Anambra 14 kacal gare ta. Da aka sake binciken a 2023 zuwa 2024, adadin ƙasa baki ɗaya ya hau zuwa kashi 40.

Wannan ita ce tamowa, ciwon da ke kama yaro idan ya daɗe jikinsa bai samu isasshen abinci mai ba da ƙarfi da mai gina jiki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara 5 akwai hannun ƙarancin abinci mai gina jiki a ciki. Ba kasafai ake jin an ce tamowa ce ta yi ajalin yaro ba. Sai dai a ce gudawa ce, ko ƙyanda, ko zazzaɓi, ko ciwon huhu. Amma sau da yawa ita ce ke kayar da shi tun farko, waɗancan su zo su ƙarasa.

Abin da jikin yaro yake nema

Manyan abubuwa biyu jiki yake karɓa daga abinci. Na farko ƙarfi, wanda da shi ake numfashi da motsi da ɗumin jiki, kuma hatsi da rogo da dankali da mai ne suke ba da shi. Na biyu shi ne furotin, sinadarin da ke gina tsoka da jini da fata da gashi da garkuwar jiki. Ana samun sa a wake, gyaɗa, waken suya, nono, ƙwai, kifi, nama, har ma da fara.

Abinci ya sha bamban wajen yawan furotin. A cikin giram 100 na gero akwai kusan giram 11, masara kusan 9, wake wajen 24, gyaɗa wajen 25, waken suya kuwa ya haura 35. Garin rogo bai kai giram 2 ba. Ƙwai guda ɗaya yana ɗauke da kusan giram 6, kuma irin wanda jiki ke karɓa cikin sauƙi ne.

Ba a raba ƙarfi da furotin a zancen tamowa saboda dalili. Idan ƙarfin da yaro ke samu ya gaza, jikinsa sai ya fara ƙona ɗan furotin ɗin da ya ci, in bai isa ba ya koma kan tsokarsa, kamar maigidan da itace ya ƙare masa ya shiga zare azarar ɗakinsa yana hura wuta. Ga shi kuma a wannan shekarun ne ɗan Adam ya fi saurin girma: jariri mai lafiya yana ninka nauyinsa na haihuwa wajen wata 5, ya ninka shi uku a shekara guda. Duk da haka tumbin ɗan shekara ɗaya bai wuce cin kofin shayi ba. Saboda haka kowane cokali da ya shiga bakinsa dole ya kasance da nauyi.

Kamannin ciwon

Akwai tamowar ramewa, wadda likitoci ke kira marasmus. Yaro zai ƙanjame, haƙarƙari su fito a ƙirga su, fuska ta yamutse, fatar ɗuwawu ta saki ta tattare. Wannan ba ta ɓuya, kowa ya gani ya san akwai matsala.

Wadda ta fi yaudara ita ce tamowar kumburi, wato kwashiyoko. Takan fara daga tafin ƙafa, ta hau ƙwauri, ta kai hannuwa da fuska. Gashi ya yi ja ya yi laushi yana tsigewa, fata ta yi duhu tana saɓulewa, yaro ya daina wasa, ya riƙa ƙananan koke-koke, ya ƙi abinci. A farkonta ana iya jin maƙwabciya tana cewa, "Kai, yaron nan ya murmure, ga kumatu nan." Alhali ruwa ne ya taru a jikinsa. Wata likita haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, ita ta fara bayanin ciwon a rubuce a 1933 lokacin tana aiki a Akara ta ƙasar Gana ta yanzu. Ta lura cewa yaran da ake kawo mata an yaye su ne an bar su da kokon masara zalla. A 1935 ta sa wa ciwon sunan da 'yan ƙabilar Ga suke kiran sa da shi, wato kwashiyoko, su kuwa tun can sun danganta shi da yaron da aka cire daga nono don an yi masa ƙane. Hotunan yaran da duniya ta gani a yaƙin basasar Nijeriya, 1967 zuwa 1970, wannan ciwon ne.

Sai ta uku, tsumburewa, wadda ta fi yawa kuma aka fi raina ta. Yaro yana yawonsa, yana wasa, sai dai ɗan shekara 4 ne mai jikin ɗan shekara 2 da rabi. A garin da yara shida cikin goma haka suke, ido ya riga ya saba, sai a ce ai gado ne, gidansu duk gajeru ne. Tsumburewa tana samuwa ne a kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara 2, lokacin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Abin da aka rasa a nan da wuya a maido shi, kuma yakan biyo yaro aji, ya biyo shi har wajen neman abinci.

Daga dakashi zuwa yaye

A wasu gidajen hasarar tana farawa tun ranar haihuwa, sa'ad da aka matse dakashi aka zubar wai ƙazanta ne, aka ɗura wa jinjiri ruwa ko jiƙo kafin "nono mai kyau" ya zo. Dakashin nan kuwa cike yake da garkuwa daga cuta. Abin da masana lafiya suka tsaya a kai shi ne a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6, ko ruwa ban da shi. Nan ne kakanni suke tayar da jijiyar wuya: "A zafin nan na bazara za a hana ɗan mutum ruwa?" Tambayar ba ta banza ba ce, amma amsarta ita ce fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Wadda ke bukatar ƙarin ruwa ita ce mai shayarwar. Binciken 2018 ya nuna kashi 29 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata 6 suke samun nono zalla.

Daga wata 6 nono kaɗai ba ya isa, kuma daga nan zuwa shekara 2 ne mafi yawan yara suke zamewa. Abincin da aka saba fara musu da shi shi ne koko ko kunu, a tace gasara, a dama ta tsinke don ta wuce maƙogwaro. Yaro ya sha ya cika tumbinsa, ya yi shiru, uwa ta ce ya ƙoshi. Mafi yawan abin da ya sha kuwa ruwa ne. Ana gane kunun da ya dace da yaro idan an karkata cokali bai tsiyaye ba.

Da ya fara cin tuwo sai a haɗa shi tire ɗaya da yayyensa. Kafin ya kai loma uku sun suɗe. 'Yar tsokar naman da ke cikin miya ta tafi kwanon maigida, ƙwai kuma an ce yana koya wa yaro sata. Babu wani ɓarawo da ƙwai ya yi. Camfi ne da ya hana yara abinci mafi sauƙin samu a gidan da kaji ke yawo a tsakar gida.

Sai yaye. Idan mace ta yi kwanika, al'ada ita ce a cire yaro rana ɗaya, a shafa wa mama abu mai ɗaci, a kai shi gidan kaka, don kada "ya sha ciki". Yaron ya rasa nono, ya rasa uwa, ya yi ta kuka ya ƙi cin komai. Da ya rame sai a ce ka gani, ai ya riga ya sha. Likitoci sun tabbatar cewa mace mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa da ciki, in dai tana cin abinci sosai, sannan ta janye yaron sannu a hankali. Shekara biyu da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara ita ce dai shekara biyun da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kira a kai, kuma tazarar haihuwa ce ke ba yaro damar cika ta.

Ciwo yana shiga tsakani ya ƙara dagula lissafi. Gudawa tana zubar da abin da aka ci, ƙyanda tana cinye baki ta kashe sha'awar abinci, tsutsar ciki tana raba yaro da rabonsa. Yaro mai tamowa kuma garkuwarsa ta yi rauni, don haka ciwon ke dawowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce haƙori ne a zuba ido, ko a rage wa yaro abinci wai hanji ya huta. Abin da ya kamata shi ne ruwan gishiri da sukari na ORS, da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da nono da abinci, in ya warke a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako biyu.

Ƙauye

Binciken 2018 ya sa tsumburewa a kashi 45 a karkara, kashi 27 a birane. A ƙauye tamowa tana da lokacinta. Daga Yuni zuwa Satumba rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, farashi ya hau. A daidai wannan lokaci sauro ya yi yawa, ruwan sama ya wanko ƙazanta cikin rijiyoyi, inda mata ke fita gona kuma an bar jinjiri a hannun yayarsa 'yar shekara 7 da kofin kunun da aka dama tun safe. Cibiyoyin kula da tamowa sukan cika maƙil a waɗannan watanni.

Abin takaicin shi ne abincin da zai hana wannan sau da yawa a gidan aka noma shi. Da kaka ake kwashe wake da gyaɗa a kai kasuwa, lokacin da suka fi araha, don biyan bashin taki ko hidimar biki, a bar gero da dawa kawai. Ƙwan zabi yana bakin titi ana tallarsa ga matafiya. Nono ya tafi kasuwa a ƙwarya. Ba wanda zai ga laifin manomi don ya nemi kuɗi, amma tiya biyu-uku na wake da na gyaɗa da aka keɓe da sunan ƙaramin gida ba za su karya shi ba. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Barno kuwa rashin tsaro ya raba dubban iyalai da gonakinsu, a nan zancen ya wuce na dabara, ya zama na agaji.

Birni

Kashi 27 na birni lissafin gaba ɗaya ne, an haɗa 'ya'yan masu hali da na masu haya a ɗaki guda a lungunan Kano ko Kaduna. Mutumin birni ba shi da rumbu. Komai sai ya saya, har ganyen miya. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Idan kuɗin cefane ya gaza, abin da ake fara sokewa shi ne ƙwai da kifi da nama da madara, a bar abin da zai cika ciki.

Birni kuma yana da nasa tarkon da ƙauye bai cika sani ba. Ana toshe bakin yaro da biskit da alewa da lemon roba, ya ƙi cin abincin gida. A dafa masa taliyar Indomie ba ƙwai ba ganye, ko a ba shi shayi da burodi safe da dare, shayin kuma yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Uwar da ta koma aiki ko kasuwa takan sayi madarar gwangwani ta jarirai, ta ga ba ta kai mako ba ta ƙare, sai ta riƙa rage awo tana ƙara ruwa. Ruwan daga 'yan garuwa aka saya, kwalbar kuma ba ta wankuwa sosai. Ramewa da gudawa sai su zo tare. Kuɗin gwangwani ɗaya da an sayi waken suya da gyaɗa da su, da uwa da ɗa sun ci sun amfana.

Awo da magani

Gane tamowa ba sai likita ba. Akwai wani tef mai launi uku da ake zagaya wa tsakiyar damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. In ya nuna kore, wato santimita 12.5 zuwa sama, lafiya lau. Rawaya, tsakanin 11.5 da 12.5, gargaɗi ne. Ja, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani. Kumburi kuma ana gwada shi da babban yatsa: a danna bayan ƙafafu biyu a ƙirga uku a hankali, in rami ya zauna bayan an ɗaga yatsa, a tafi asibiti ranar, ko da tef ya nuna kore.

A da, irin wannan yaro sai an kwantar da shi kusan wata guda, abin da uwa mai wasu 'ya'ya a gida ba ta iyawa. A 1996 wani likitan Faransa, André Briend, tare da kamfanin Nutriset suka haɗa Plumpy'Nut daga gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran bitamin. Leda ɗaya giram 92 ce, tana ba da kalori 500, ba a dafa ta, ba a haɗa ta da ruwa. Babban gwajinta a ƙasar Hausa aka yi shi. A 2005, bayan fari da farin ɗango sun cinye amfanin 2004 a Nijar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 magani, akasarinsu a jihar Maraɗi, mafi yawa kuma a gidajen iyayensu. Maraɗi, a lura, tana cikin manyan yankunan noma na Nijar. Nijeriya ta fara irin wannan shiri a 2009 a jihohin Gombe da Kebbi, daga nan ya bazu.

Tsarin mai sauƙi ne. A kai yaro sau ɗaya a mako, a auna shi, a ba da rabon mako, cikin mako 6 zuwa 8 yawanci ya farfaɗo. Wanda ya ƙi ci, ko kumburinsa ya kai fuska, ko yake da zazzaɓi mai zafi ko suma, ko bai kai wata 6 ba, shi ake kwantarwa a fara masa da madara ta musamman mai suna F-75, kaɗan-kaɗan. Kada a ce za a ɗura wa irin wannan yaro abinci mai nauyi a gida don ya yi saurin murmurewa. Zuciyarsa da hantarsa sun raunana, yin haka na iya kashe shi.

UNICEF ta taɓa ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 2 ke fama da tamowa mai tsanani a Nijeriya, biyu cikin goma ne kawai magani ke kaiwa gare su. Shi ya sa ganin ledar Plumpy'Nut a kan teburin mai shago, ko a hannun babba yana lasa, abin kunya ne. Magani ce da aka auna da nauyin yaro guda, in aka raba ta da 'yan'uwansa ba wanda ta warkar.

Kwanon yaro

Rigakafin yana cikin abin da aka saba da shi. Garin da ake kira Tom Brown misali ne: gwangwani 6 na hatsi, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. A jiƙa waken suya a cire ɓawo a shanya, a soya kowanne daban, a haɗa a niƙa. A dama da kauri, a zuba cokalin manja ko man gyaɗa, a barbaɗa dakakken busasshen kifi ko garin zogale. Kunun gyaɗa, alale, faten wake, awara, dafaffen ƙwai, kabewa, gwanda, mangwaro, duk abincin yaro ne. Sai dai a tsince gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a zubar, domin suna ɗauke da guba mai lahani ga hanta.

Ɗan wata 6 zuwa 8 yana cin abinci sau 2 zuwa 3 a rana ban da nono. Daga wata 9 zuwa shekara 2, sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani. A ba shi kwanonsa shi kaɗai, babba ya wanke hannu da sabulu ya zauna da shi har ya gama. A kai shi allurar ƙyanda a wata 9, a karɓi bitamin A duk wata 6, da maganin tsutsar ciki daga shekara 1.

An saba ɗora wannan duka a kan mata, su ake tarawa a asibiti ana yi wa bayani. Amma a mafi yawan gidaje maigida ne ke buɗe rumbu, shi ke ba da kuɗin cefane, shi ke ba da izinin zuwa asibiti, kuma kwanonsa ne ke karɓar naman. Matar da ta ji darasi ta dawo ta tarar ba wake ba gyaɗa, ba abin da za ta yi da shi.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi, namiji ko mace, ya rubuta duk abin da ƙaramin yaron gidansu ya ci daga safiya zuwa dare na kwana ɗaya, ya ja layi ƙarƙashin abin da yake da furotin. Wanda yake da yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 kuma ya kai shi cibiyar lafiya mafi kusa a auna masa damtse, ya zo aji da launin da tef ɗin ya nuna.